Takalmin da Ya Daina Warin Kaji

Yaya, kin ce tun da takardar banki ta zo maigidanki ya daina cin abinci, ya kuma hana ki gaya wa kowa. Ni ba ni da bakin yi wa manya nasiha. Ga dai wani misali, in kin ga fuska ki karanta masa.

An yi wani mai kiwon kaji a bayan gari. Da kasuwar ƙwai ta yi kyau, sai ya kai takardun gidansa banki ya jinginar, ya karɓi rance ya ƙara keji. Ba a rufa shekara ba annoba ta shiga gonar, cikin kwana tara ta share kajin kaf. Shi kaɗai ya haƙa rami ya binne su, ya dawo gida bai ce wa kowa uffan ba. Kullum da safe sai ya ɗaure kiret a bayan babur ya fita kamar da. Ashe kasuwa yake zuwa ya sari ƙwan wasu da kuɗin aro, ya kai wa masu shayin da ya saba a tsohon farashi. A kan kowane kiret asara yake yi, shi dai kar a ce ya karye.

Matarsa ce ta fara ganewa, kuma ba daga bakinsa ba. Ita ke wanke masa takalmin roba. Da can sai ta toshe hanci ta kankare kashin kaji da tsinke, yanzu kuwa ƙura ce kawai. Fasassun ƙwan da yake kawo mata ta soya su ma sun daina zuwa. Ta yi gum, don ba ta daɗe da tarewa ba, ko sunansa ba ta iya faɗa. Ran nan tana zazzage aljihun rigarsa za ta wanke, sai takarda ta faɗo. Karatunta bai yi nisa ba, amma ta gane tambarin banki, ta gane lambar gidansu, ta ga wata rana da aka ja wa layi. Da azahar ta ɗora takardar a kan faifan da ta rufe masa abinci, ta koma bayan ƙyaure. Da ya ɗauki takardar, daga can ta ce, "Maigida, takalminka ya riga ya gaya mini. Saura kai ka gaya wa Kawu." A nan ya faɗa mata saura sati uku a yi gwanjon gidan.

Kawun nasa tsohon masinjan kotu ne. Ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai, ɗan nan, kaji ne suka mutu ko kai?" Washegari ya tasa shi a gaba sai kotu. Mutumin ya tsaya gaban alƙali ya faɗa da bakinsa cewa ya karye, ba zai iya biyan abin da ake binsa ba. Ya lissafa duk abin da ya mallaka, har bokitan ba wa kaji ruwa. Alƙali ya dakatar da gwanjon, ya sa aka kira duk masu binsa. Abin da ya fi tsoro ke nan, a kira sunansa a gaban jama'a. Sai ga mai dusa yana dariya yana cewa, "Haba Alhaji, wata huɗu ba ka sayi ko buhu ɗaya ba. Ce maka aka yi mun ɗauka iska kajin suke ci?" Ashe asirin da yake ta cin bashi don ya rufe, rabin kasuwa sun daɗe da sani.

Aka sayar da gonar da kejin da janareta da babur, aka raba wa kowa gwargwadon abin da yake bi. Ragowar na banki aka amince ya riƙa biya wata-wata, daga hayar zaurensa da aka mayar shago. Gidan dai bai tafi ba. A ƙafa ya dawo ranar, ya wuce majalisar ƙofar gida kansa a ƙasa, aka yi masa jaje, aka ci gaba da hira. Ya shiga ya cinye malmala biyu, har ya tambaya ko da saura. Ita kuwa matar ta ɗauki buta ta ba wa ɗan lemon da ta dasa a tsakar gida ruwa, don tun ranar da ta ga takardar nan ta daina ba shi, tana ganin wasu za su sha inuwarsa.

Yanzu ƙwan wasu yake sarowa a baro, yana sayarwa a farashin gaskiya, kowa ya sani. Ban ce kowane alƙali haka zai yanke ba, Yaya. Amma ba wanda zai tsayar da gwanjon da ba a gaya masa ba. Hausawa sun riga sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.