Huɗu Ba Ta Yi Ba

Tun da aka wajabta wa ma'aikatan masaƙa allurar mafitsara, Talatuwa ba ta ƙara jin fitsari ba. Allurar takan kwantar da mafitsara, ta rufe bakin jijiyar da ke kai saƙo. Sai agogon hannunta ya yi ƙara ƙarfe huɗu take ɗaukar buta ta zagaya. Alwalar Asuba takan kai ta La'asar, har alfahari take yi da hakan.

Ran Juma'ar da za a sabunta mata allurar, ta riƙo hannun jikarta Ummita zuwa asibiti. Layi ya yi tsawo. Wanda ya fita daga layin sai wata mai zuwa, kuma ba allura, ba aiki.

"Kaka, fitsari nake ji."

Talatuwa ta duba agogo. "Huɗu ba ta yi ba, uwata."

"Ya matse ni."

"Daure."

Jim kaɗan fitsari ya biyo ƙafar yarinyar har cikin takalmi. Ta sunkuyar da kai tana kuka.

Talatuwa ta tsuguna tana goge ta da bakin zane. Can ta ce a hankali, "Ummita, tuna min. A ina ake jin sa?"