Randar Kyankyasai

Akwai wani maginin tukwane da Allah ya haɗa shi maƙwabtaka da wani tela mai kiwon hawainiya. Mutanen unguwa ba su gane wa wannan kiwo ba, wasu ma sai su kauce in za su wuce ta ƙofar shagonsa. Amma shi tela ransa na kan dabbar nan, har keji na waya ya yi mata, ya sa mata reshen gwaiba a ciki. Ana nan sai aka aiko masa cewa mahaifiyarsa na kwance a garinsu, tafiyar da bai san ranar dawowa ba. Ya ɗauko kejin ya kawo wa magini amana, ya haɗa masa da gwangwani cike da kyankyasai. Ya ce rani ya shigo, fara ta yi wuya, waɗannan ne abincinta, a bar su su hayayyafa. Magini ya karɓa don kunya, amma tsigar jikinsa sai da ta tashi. Ya nemo wata randa da ta tsage a wurin gashi, ya liƙe tsagin da laka, ya juye su ciki, ya cusa musu kwalin ƙwai don su sami wurin ɓuya, ya shafa man gyaɗa a bakin randar yadda duk wanda ya hau zai zame ya koma. Ya kai ta can bayan ɗakin itace inda ido ba zai gan ta ba. Ita hawainiya kuwa ya ba ta gata. Kullum da hantsi zai fito da kejin rana, ya yayyafa ruwa a ganye ta lasa, ya ɗebo mata kyankyasai har sai ta kau da kai. Su kam kyankyasan ko ƙwayar hatsi bai taɓa jefa musu ba. A ganinsa ƙwaron da ke rayuwa a masai ba ya bukatar a ciyar da shi, ya ci kwali ma ya ishe shi.

Sai ga hawainiya tana ci tana ramewa. Idanunta suka faɗa, korenta ya koma kalar toka, wutsiyar da takan naɗe a reshe ta saki. In ta harba harshe sai ya faɗi kafin ya kai. Abin ya dami magini, don ya san dabbar da aka tsare haƙƙinta na wuyan wanda ya tsare ta, ga shi kuma bai san da wane ido zai kalli maƙwabcinsa ba. Ya ƙara yawan abin da yake ba ta, ba ta sake zani ba. Wata safiya yana ɗebo kyankyasai sai ɗaya ya faɗo, ya take shi da takalmi. Ya ji ƙaras kamar ɓawon gyaɗa. Ya ɗaga ƙafa, bai ga komai ba sai fiffike da fata, cikin ƙwaron fayau. Ya tsaya yana kallo. Matarsa tana gefe tana dama wa akuyarta mai shayarwa dusa, ta ce, "Malam, kai da kake kiwon masu gida a randa, ka taɓa ganin akuyar da aka hana dusa ta cika ƙwarya da nono?" Sai ya miƙa hannu ya ɗebi dusar.

Daga ranar ya danne ƙyanƙyaminsa. Ya dawo da randar inuwar da yake aiki, ya share ƙazantar da ta taru a gindinta. Yakan sa musu dusa da yankan kabewa da ganyen zogale, ya daka ɓawon ƙwai ya barbaɗa, ya jiƙa auduga ya ajiye musu don kada su nutse a ruwa. Manyan matan da ke ɗauke da ƙwai ya daina taɓa su, sai matsakaita yake ɗiba, su ma sai sun ƙoshi tukuna. Ba a kwana ɗaya aka ga canji ba, hawainiya dai ba ta san sauri ba. Amma sannu a hankali idanun suka ciko, koren ya dawo, randar kuma ta cika da ƙanana kamar an zuba ridi. Ran da tela ya dawo, mahaifiyarsa ta sami sauƙi, ya tarar da dabbarsa a saman reshe ta naɗe wutsiya, ta fi yadda ya bar ta. Ya tambayi magini wane magani ya ba ta. Magini ya nuna randa da leɓe, ya ce, "Ita ban ba ta komai ba. Waɗancan na ba."

Haka al'amarin yake a gida da gona da makaranta. Wanda ka ɗora wa ciyar da abin da kake so, ko shayar da shi, ko koyar da shi, ka fara duba shi tukuna, ko da ba shi ne abin kallo ba, don abin da ke cikinsa shi zai bayar. Shi ya sa Hausawa suka ce da ruwan ciki akan ja na rijiya.