Kafin Gaggafa Ta Ɓace

A kan tsaunin da suke ƙirga tsuntsaye masu komawa arewa duk bazara, Malama ta manna madubin hangen nesa a ido, don kada Dogo, abokin aikinta, ya ga hawayenta.

"Shaho biyu," ta ce.

Bai rubuta ba. "Jibi zan tafi sabon wurin aikina. Ki aure ni mu tafi tare."

Ta daɗe tana bin wata gaggafa da kallo.

"Baba ba ya gane kowa yanzu sai ni."

"Zan jira ki."

Sai ta sauke madubin, ta dube shi.

"Jiran me, Dogo? Mutuwarsa? Don Allah kada ka sa in fara ƙirga masa kwana."

Ya ajiye mata alƙalamin, ya gangara.