Albarka, Yallaɓai

Abin da Ikilima ta rasa a shekarar nan a fili yake. Ta rasa mijinta Sabiru, ta rasa motar da yake haya da ita tsakanin Daura da Kongolam. Abin da ta samu kuwa kujerar roba ce a ofishin wani babban ɗan sanda, inda ake ce mata Hajiya alhali ko Kano ba ta taɓa wucewa ba.

Motar tana nan a harabar ofishin, ƙarƙashin dalbejiya, tayoyi duk sun sace. Tun ranar da aka ce Sabiru ya tsaya inda ba a tsayawa, a bakin kasuwa, yana sauke wata tsohuwa da buhun geronta. 'Yan sanda suka ce tara zai biya, dubu biyu. Ya ce su nuna masa allon da ya hana tsayawa. Babu allo. Suka ce ya kawo makulli, ya jefa shi a aljihu. Motar dai a ofishin ta kwana. Bai sake tuƙa ta ba, don a makon aka yi jana'izarsa, mutane suka ce kwana ne ya ƙare.

Sai da ta fita takaba aka aiko mata ta zo a kashe maganar.

Duk wanda ya taɓa sayen man gyaɗa a hannun Ikilima ya san ba a cin ta a ciniki. Karatunta bai wuce ta gane sunanta ba, amma lamba ba ta ɓace mata. Ta yafa mayafi ta tafi, tare da mai unguwa da Maharazu ƙanin mijinta.

Babban ɗan sandan bai faɗi kuɗin da baki ba. Ya danna a waya, ya juyo mata fuskar. Ta bi sifilin da ido ɗaya bayan ɗaya, ta tura masa wayarsa.

"Albarka, Yallaɓai."

Mai unguwa ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Haba Ikilima, nan fa ba kasuwa ba ce."

"Ranka ya daɗe, bakina ne ya saba."

A hanyar komawa Maharazu ya yi ta mita. "Yaya, ki amince mu huta. Mutanen nan ba a ja da su."

"Kai za ka ciyar mini da yara biyar?"



Zuwa na biyu an kawo mata lemo mai sanyi. Ta bar shi yana zufa a kan tebur. A bakin ƙofa akwai wani dogon kurtu da bindiga a kafaɗa, wanda tun da ta shigo yake kallon takalminsa. Aka sake danna waya, aka sake juyowa. Lambar ta motsa, amma ba yadda take so ba. Ta ce albarka, ta nemi a bar ta ta ga motar.

Ta zagaya ta a hankali, kamar yadda take zagaya buhun gyaɗa kafin ta taya. Ƙofar direba ta lanƙwashe a wajen hannu. Ƙura ta rufe ko'ina a ciki, ban da kujerar direba, wadda aka wanke tas. Ta tsaya tana jiran ta ji wani abu a ƙirjinta. Ba ta ji komai ba. Sai ta tsinci kanta tana tunanin ko batirin zai tashi.

Zuwa na uku dogon kurtun ba ya nan. An ce an yi masa canjin wurin aiki.

Ran nan babban ɗan sandan ya ajiye wayar, ya yi mata magana a hankali kamar mai ba ƙanwarsa shawara. Ya ce hanyar kotu a buɗe take, ba wanda ya tare ta. Amma shari'a shekaru take ci, kafin a gama motar ta zama ƙarfen bola. Ya tambaye ta ko tana da shaida kan abin da ya sami Sabiru a bakin kasuwa.

Shaida ɗaya ce, tsohuwa mai buhun gero, ita kuma daga tsallaken iyaka ta zo. Ikilima ta sa an neme ta har ƙauyuka biyu, ba wanda ya san ta. 'Yan kasuwar da ke wurin ranar duk sun ce suna sallah.

Mai unguwa ya ce, "A yi haƙuri a rufe, Ikilima. Komai ya wuce."

Ta dubi lemon yau, irin na rannan. A gida an koro yara biyu daga makaranta saboda kuɗi. Jarkar mai ta ƙarshe ta sayar da ita shekaranjiya, ta sallama a tayin farko, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana budurwa. Wanda ya saya har sai da ya sake kallon fuskarta.

Babban ɗan sandan ya ɗauki wayar zai danna. Ta ɗaga masa hannu. Ta gyara mayafinta, ta zauna sosai a kujerar robar, ta yi magana da muryar da take faɗin kuɗin kwalba.

"Yallaɓai, bar wayar nan, ni zan faɗa. Miliyan uku za ku ba ni, da motar, da sababbin tayoyi. Ku cire dubu biyunku na tara, kada a ce ya tafi da bashin hukuma. A haka na sallama muku jinin Sabiru."