Mai Gyaran Rediyo da Mafarkin Matarsa

Wani ya zauna a majalisarmu yana kumfar baki, wai yanzu an gama da barci, na'ura na karanta kan mai barci kamar allo. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Ƙarya yake yi, kuma irin ƙaryar wanda bai taɓa zaman jinya ba ce. Gyara zama ka ji, ɗan'uwa.

Akwai wani mai gyaran rediyo da matarsa ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, bakinta ya rufe. Mace ce da a da ko a barci ba ta rasa abin faɗa. A asibiti aka manna mata wayoyi a ka, yana tsaye yana kallon zane na gudu a gilashin na'ura, yana hawa yana sauka kamar sawun maciji a rairayi. Likita ya ce masa lantarkin ƙwaƙwalwarta ke nan. To, mutumin da ya tsufa yana kamo muryoyin ƙasashen waje da ɗan ƙarfe, me kake zato ya faɗo masa a rai? Ya ce in dai akwai zango, akwai tasha, in akwai tasha kuwa akwai murya. Sai ya duƙufa karatu. A kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya sa hannu, ya tarar da maƙalar Hausa a kan batun, 'yar guntuwa, duk a karkace. Ya kwance ta kamar yadda yake kwance akwatin rediyo, ya jera komai a mazauninsa: in barci ya yi nauyi zanen kan yi manyan tuddai a hankali, in mafarki ya zo sai ya koma ƙanana da sauri, ido na motsi a ƙarƙashin fata.

Bayan azahar takan yi barci, shi kuma ya rufe shago ya zo ya zauna a gefenta. Yana ganin idon ya fara motsi ya san ta shiga mafarki. Wani lokaci ɓarin bakinta mai lafiya ya ɗan ɗaga. Wa take gani? Shi ne, yana saurayi a kan keke? Ko gidansu na ƙauye, ko uwarta? In ta farka ya tambaya, sai dai ta dube shi. Ran nan abin ya ci shi, ya ƙara layi ɗaya a maƙalar: a wannan lokacin mai barci yana tare da wanda yake so. Kafin la'asar wani ya goge, ya bar masa tambaya: "Malam, ina hujja?" Ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya bi littafi bayan littafi. Bai samu ba. Bai kuma mayar da layin ba. Maƙala ta yi kyau, ɗalibai na ta amfana, shi kuwa har yau yana zaune a gefen katifa yana kallon ido na motsi.

Hausawa suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. In kana da ja, tashi in raka ka gidan, ka faɗa wa bawan Allahn nan wa matarsa take yi wa murmushi.