Jinjirin Watan Baba Gajere

"Wannan ɗan bututun ne zai riga ni ganin wata?" in ji Baba Gajere, yana hararar madubin hangen taurari da jikarsa Raliya ta zaɓo don ɗaukar hoto. "Ko babba ma ba ki samo ba."

Shekara talatin, duk Janbako ba a taɓa riga shi ganin watan azumi ba. Ana idar da magariba ya nuna yamma. "Ga shi can, saman kukar gonata."

Raliya ta saita madubin ta ɗauka. Liman ya karɓi wayarta, ya jima yana kallo.

"Gajere, wannan ba farin ƙahon da ka rataya bara don maganin bakin mutane ba ne?"