Mai Waina da Bizar Wankan Jego

Ka ce tun ranar da ka ɗora yatsunka a ofishin biza ba ka ƙara samun natsuwa ba, har kana tunanin karɓo fasfonka ka bi wata hanya. To, gyara zama ka ji abin da ya sami wata mai waina a unguwarmu.

Dattijuwa ce mai albarkar hannu, wadda tandarta ba ta hucewa daga asuba har hantsi. 'Yarta tilo tana aure a ƙasar Turai, inda mijin ke aikin asibiti, sai Allah ya ba ta cikin fari. Uwar ta ce ko ana ha maza ha mata ita za ta yi wa 'yarta wankan jego, ba za ta bar ta cikin mutanen da ba su san kunun kanwa ba. Surukin ya aiko da gayyata, aka cike abin da ake cikewa, aka sa mata rana. Da farkon damina ta je ta bi layi, aka ɗauki hotonta, aka ce ta ɗora yatsu a kan wani ɗan gilashi mai koren haske. Zafin tanda ya daɗe da cinye zanen yatsun nata, sai da ma'aikaciyar ta goge su, ta danna, ta sake dannawa, kafin na'urar ta karɓa. Aka riƙe fasfonta, aka ce ta koma gida za ta ga saƙo a waya. Ta ce yaushe? Aka ce wani tasa kan fito da wuri, wani tasa takan daɗe, ba mai iya yanke mata rana.

Ta dawo ta shiga shiri. Ta daka yajin jego, ta nemo kanwa mai kyau, ta kai ɗinkin 'yan riguna. Wayar kuwa kullum tana ƙulle a bakin zani. Ko saƙon talla ne ya shigo, sai ta saki cokalin juyi ta miƙa wa mai saye ya karanta mata, waina na ƙonewa. Gero ya tashi, ya kai ƙugu, ya fara fitar da kai, shiru kake ji. Cikin 'yar ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura. Ana nan sai labari ya zo mata cewa wani mai sayar da takalma da suka bi layi tare ya karɓi tasa, har ya tashi. Daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi.

Akwai wani mai shagon cike wa mutane takardu a bakin kasuwa. Shi ya ce mata ofishin garin nan ne ke da nawa, in ta janye ta sake nema ta babban birni, kafin ƙiftawa da bismilla an gama. 'Yar ta kira ta a waya ta ce, "Inna, don girman Allah ki bar fasfon nan inda yake." Ba ta ji ba. Da ta je ofis, ma'aikaciyar nan da ta taɓa danna mata yatsu ta gane ta, ta ce, "Hajiya, maganarki tana gaban masu yanke hukunci. In kika janye, daga farko za ki faro." Mai waina ta ce ita dai a ba ta abinta, ta gaji da gafara sa ba ta ga ƙaho ba. Ta sa hannu, aka miƙo mata fasfo, ta fito tana jin kamar ta sauke kaya.

Ashe a babban birni ma layi ne, kuma ya fi na gida tsawo. Ranar ɗora yatsu kaɗai sai da aka tura ta gaba. Tana cikin jiran wannan rana ta haɗu da wata mata a gidan biki, wadda ta tuna a bayanta take a layin farko. Matar ta ce ai tata ta fito tun makon da ya wuce, haka ma na duk waɗanda ta sani a ranar. Mai waina ta yi mata murna da baki, ta tashi ta bar bikin ba ta ci komai ba. Ba a jima ba 'yar ta haihu. A fuskar waya ta fara ganin jikanta, a fuskar waya ta ji an raɗa masa suna. Wata maƙwabciya 'yar wata ƙasa ce ta riƙa shigowa tana taimaka wa mai jego da abin da ta iya.

Bizar ta fito, ba a hana ta ba. Amma sai da aka girbe gero aka kai rumbu, har hunturu ya zo ya wuce. Da ta isa, an daɗe da yin arba'in, 'yar ta koma harkokinta, yaron har ya fara zama. Ta miƙa hannu za ta ɗauke shi, ya dube ta, ya tsala ihu ya maƙale a wuyan uwarsa.

Saboda haka ka bar fasfonka inda yake, ka koma kan aikinka. Abin da ya bar hannunka ya shiga layi, taɓa shi ba ya matso da shi gaba. Masu iya magana sun riga sun faɗa: sauri ya haifi nawa.